Abin da na liƙa a Zintan

A cikin garin Katsina aka haife ni, amma asalin mahaifina wani ƙauye ne yamma da Batsari, kusa da bakin dajin Rugu, inda gonakinmu na gado suke. Baba ya shigo birni yana saurayi, ya zauna yana awon hatsi a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ni ne ɗan fari. Boko bai karɓe ni ba, ni ma ban karɓe shi ba, don haka da na yi 'yan shekaru ina jan ƙafa a sakandare sai Baba ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai walda wajen Ƙofar Ƙaura, ya ce masa ga amana. A nan na koyi ƙofa da taga da gado da tankin ruwa, na koyi gyaran garmar shanu da kurar 'yan ga-ruwa, na kuma koyi kwana zaune idanu na zubar da ruwa saboda hasken wuta.

Sana'ar ta zauna mini a hannu, amma ba ta ciyar da ni ba. Mai walda in ba lantarki, gadin inji kawai yake. Sai a wuni ana hamma, a kawo wuta cikin dare, ka fita da gudu, kafin ka gama taga ɗaya a ɗauke. Na yi aure a 2006, aka haifa mini 'ya, bashi ya fara hawa kaina. A 2007, shekarar da Malam Umaru ya bar gidan gwamnatin Katsina ya tafi Abuja, mutanen gari na ta cewa kakarmu ta yanke saƙa, ni kuwa na ɗaure jakata na bi ta Jibiya na shiga Maraɗi. Daga nan Damagaram, Agadas, Dirku, sai Gatrun da Sabha a cikin Libiya. Ba zan tsaya kan hanyar ba, waɗanda suka bi ta sun ba da labarinta da yawa.

A Turabulus wani dattijo mai shagon walda ya ga aikina, ya ɗauke ni zuwa garinsu, Zintan, a kan duwatsun Nafusa, kudu maso yamma da babban birnin. Gari ne na Larabawa masu tumaki da itatuwan zaitun, maƙwabtansu na Jadu da Yafran da Nalut kuwa Amazik ne, dangin Buzaye ta wajen harshe. Alhaji muke ce wa dattijon. Tsakani da Allah, shekarun farko na ji daɗin aikina. Wuta ba ta ɗaukewa, burodi kusan kyauta, fetur ya fi ruwan gora araha. Amma baƙar fata a can a gefen bango yake tafiya. Yara su jefe ka su kira ka bawa, babba na kallo bai ce uffan ba, kai kuma ba ka da takardar da za ka kai ƙara da ita. Alhaji bai taɓa yi mana haka ba. A ɗakin bayan shago ya ajiye mu, ni da wani ɗan Tasawa da ya girme ni, da wani yaro ɗan Chadi mai shara da aike. Rabin kuɗina nake aikowa gida, rabi ina ajiyewa wurin Alhaji, da niyyar ƙarshen 2011 in sayi inji da babban janareta in dawo gaba ɗaya.

Ranar 16 ga Fabrairun 2011, kwana ɗaya bayan an fara zanga-zanga a Bengazi, samarin Zintan suka fito suka cinna wa ofisoshin jami'an tsaro wuta. Kafin wata ya ƙare garin ya fita daga hannun gwamnati. Tare da wannan sai wata magana ta bazu ko'ina, wai Gaddafi ya ɗebo sojojin haya daga ƙasashen baƙar fata suna kashe mutane. Daga ranar, jikinka shi ne laifinka. Alhaji ya sa mana kwaɗo ta waje, da kansa yake kawo mana abinci.

Ɗan Tasawa ya ce shi ba zai zauna a zo a yanka shi a ɗaki ba. Mun kwana muna ja-in-ja. Ya ce Najeriya ta tura jirage Turabulus tana kwasar mutanenta, wasu kuma na ƙetarawa Tunisiya, in tashi mu tafi tun da sauran hanya. Na ce ba ni da fasfo, tsakaninmu da kowace mafita akwai shingaye, a shingen 'yan tawaye mu sojan haya ne, a shingen gwamnati kuma mutanen da suka fito daga garin tawaye ne. Ban ɓoye masa ba, har da kuɗina a lissafin: gumin shekaru yana banki da sunan Alhaji, banki kuma a rufe. Da muka kai wa Alhaji maganar sai ya ce, "Muddin kuna cikin gidan nan sai an tsallake gawata a taɓa ku. In kun fita ƙofar can, ba ni da iko ko da kan takalminku." Da asuba ɗan Tasawa ya bi wani direba da ya yi alkawarin kai shi iyaka. Ya bar mini ƙaramin rediyonsa, ya ce nauyi zai ƙara masa. Har yau danginsa ba su ji muryarsa ba, ba su ga gawarsa ba.

Ba a jima ba babban ɗan Alhaji ya shigo da wata a-kori-kura ƙirar Toyota cikin shago, bayanta ɗauke da wata babbar bindiga da suka ƙwato hannun sojoji. Bindigar kakkaɓo jirgi ce, ƙirar Tarayyar Sobiyet, mai harsashi milimita 14.5. Sun ɗaure ta da igiya da waya, harbin farko ta tsage ƙasan motar ta kusa kashe mai riƙe da ita. Ya buɗe ƙofar ɗakinmu ya ce in fito in duba. Na duba, na ce ƙarfen bayan mota ba zai ɗauki bugunta ba, sai an shimfiɗa faranti mai kauri an ɗaure shi da ƙashin motar, a tsayar da bututu a tsakiya, a samo cibiyar tayar babbar mota a ɗora don bindigar ta riƙa juyawa. Bakina ne ya faɗi haka kafin zuciyata ta tambaye ni me nake yi. Ranar na yi ta farko. Bayan mako ɗaya layin motoci ya kai bakin titi.

Ba wanda ya ɗora mini bindiga a ka. Wannan nake so mai karatu ya gane, don shi ne abin da ya daɗe yana cina. Amma na san tun da aka ga amfanina aka cire kwaɗon ɗakinmu, aka rubuta mini takarda mai hatimi cewa ni nasu ne, waɗanda jiya ke harararmu yau suna kawo mini shayi. Rayuwata da ta yaron nan ɗan Chadi sun rataya a kan injin waldata. Kuma akwai wani abin da ya fi wuyar faɗa: aikin ya yi kyau, kuma na ji daɗin kyansa. Har tukunyar rokoki da aka ciro daga jirgin yaƙi na yi wa mazauni a bayan mota. In sun dawo suka ce ɗinkina bai motsa ba, sai in ji abin da kowane mai sana'a ke ji. Da dare in na yi alwala sai in tsaya ina kallon hannuwana, babu malamin da zan je in tambaya.

Da safe da kuma da dare ina kunna rediyon ɗan Tasawa, in kamo sashen Hausa na BBC ko na RFI. Nan na fara jin yadda manyan duniya ke magana a kanmu. Ranar 26 ga Fabrairu Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1970, ya sa takunkumin kai makamai Libiya. Ranar 17 ga Maris aka ƙara da mai lamba 1973, wanda ya hana jiragen Gaddafi tashi, ya kuma ba da izinin ɗaukar duk matakin da ya dace don kare farar hula. Ƙasashe goma suka amince, biyar suka ƙaurace: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Burazil. Rasha da Sin na da ikon hawa kujerar naƙi, ba su hau ba. Najeriya na cikin kwamitin a lokacin, kuma tana cikin goman da suka ɗaga hannu, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Bayan kwana biyu jiragen Faransa suka fara ruwan wuta, ƙarshen wata ƙungiyar NATO ta karɓi jagoranci.

Na san a Katsina Gaddafi gwarzo ne, akwai dattawan da har yau suke ba da labarin zuwansa Kano a 1997. Ni ma da son sa na shiga ƙasarsa. Amma a watannin Afrilu da Mayu rokokin da ke faɗowa kan Zintan sojojinsa ne ke harbo su. Grad ake ce musu, mota ɗaya na ɗauke da baki arba'in, daga nisan wajen kilomita 20 ake sako su, mai harbawa bai ga inda za su sauka ba. Mata da yara suka koma tsofaffin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da kakanninsu suka haƙa. Ni a ramin gyaran mota nake kwanciya. Duk daren da na ji rugugin jirgin NATO a sama, hamdala nake yi, don na san daren rokoki za su yi sauƙi. Wanda zai zarge ni da wannan, ina roƙon Allah kada ya gwada masa daren Grad.

Cikin watan Yuni sababbin akwatuna suka fara shigowa gari. Samari na raɗa cewa da dare ake sako su daga sama da lema. Ƙarshen watan wata jaridar Faransa, Le Figaro, ta fasa ƙwan, rundunar sojan Faransa ta amsa cewa ta jefa wa mutanen duwatsun Nafusa ƙananan makamai da harsasai don su kare kansu. Wasu rahotanni suka ce kayan sun kai tan 40. Sai rediyo ya kama da wuta. Ministan harkokin wajen Rasha, Sergei Lavrov, ya ce wannan keta ƙuduri na 1970 ne ƙarara. Faransa ta ce ƙuduri na 1973 ya buɗe mata ƙofa, Amurka ta goyi bayanta. Shugaban hukumar Tarayyar Afirka, Jean Ping, ya yi gargaɗin cewa abin zai iya mai da Libiya irin Somaliya, makaman kuma su ƙare a hannun da ba a nufa ba. A cikinsu duka shi kaɗai na ji yana magana kamar wanda ya san akwai mutane a kudu da Sahara, kuma shi ne wanda ba a saurara ba.

Abin da ya buɗe mini ido a makon nan ba lemar Faransa ba ce. Ranar 28 ga Yuni mayaƙan suka ƙwace wata babbar ma'ajiyar makamai ta gwamnati a cikin hamada, kudu da Zintan. Duk mai abin hawa ya nufi can, har masu motar tumaki. Aka tafi da ni don in yanke ƙofofin da suka ƙi buɗuwa. Ɗakuna ne na kankare a jere iya ganinka, jiragen NATO sun fasa wasu, wasu ko ƙwarzane babu. A ciki akwatuna har rufi, yawancinsu da rubutun Rashanci, wasu shekarar da aka buga a jikinsu ta girme ni. Babu mai rubutawa, babu mai ƙirgawa. Na ga yaron da bai fara aske gemu ba yana jan akwatin da ya fi shi nauyi zuwa motar babansa. Ba duka ne suka tafi fagen daga ba, da yawa gidaje aka kai aka binne.

A tsaye a wurin na gane irin faɗan da ake yi a rediyo. Rasha da ke kukan an karya doka, ƙarfenta ne ke faɗo mana daga sama tun watan Maris, har kamfaninta na sayar da makamai ya ce takunkumin ya ja masa asarar kwangilolin dala biliyan 4. Faransa da ke cewa tana kare mu daga Gaddafi, a 2007, shekarar da na shiga Libiya, ta ƙulla cinikin makamai masu linzami na fasa tankar yaƙi da shi, ta kuma karɓe shi a Paris har ya kafa tantinsa. Katar na kawo nata ta jirgi da ta kan iyakar Tunisiya. Daga baya aka tsinci takardu a Turabulus da ke nuna wasu kamfanonin Sin sun yi tayin makaman dala miliyan 200 ga Gaddafi ana tsakiyar yaƙin, gwamnatin Sin ta ce ba a kai komai ba. Kowa na da dalilinsa, kuma in ka saurara da kyau dalilin na da ɗan kan gado. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan waɗanda suka ja ruwan suna da rufi, mu muka jiƙe.

A cikin wannan watan ɗan Alhaji ya ba ni wayar tauraron ɗan'adam ya ce in kira gida, kada in daɗe. Baba ya ɗauka. Da ya ji muryata ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, "An ce Turawa na jefo bindigogi daga sama inda kake. Gaskiya ne?" Na ce gaskiya ne, Baba. Ya ce, "To kai mi kake yi a cikinsu?" Na ce walda, Baba. Ya ce Allah ya tsare. Inna ta karɓa, ita da ba ta taɓa kiran sunana ba don kunyar ɗan fari, ta ce, "Kana dai cin abinci?" Daga baya na ji cewa tun bayan rikicin zaɓen Afrilu, da labarina ya ɗauke ɗif, wasu dangi sun fara kawo mata maganar a yi mini addu'ar mamaci, ta ce ba a gidanta ba.

Da azumi ya kama a watan Agusta motocin suka gangara daga dutse, suka ci Zawiya, ranar 20 ga wata aka shiga Turabulus. Wasu motocin kan dawo gyara, sai na wanke bayansu kafin in kunna inji. Bayan sallah na roƙi ɗan Alhaji ya kai ni birnin in nemi ɗan Tasawa, don an ce ana tsare da baƙar fata da yawa. Ya yi mini wannan alheri, ya shiga gaba da kakinsa ina bin sa. Mun shiga makarantu da filayen wasa da aka mayar kurkuku. Ɗaki cike maƙil, in ka yi sallama da Hausa sai murya goma ta amsa. Leburori ne, masu wankin mota, masu gadin gona, hannayensu duk kanta irin tawa. An kwashe su a titi da gidaje da sunan sojan haya. A tashar jirgin ruwa ta Sidi Bilal ɗaruruwan 'yan Afirka, da yawa 'yan Najeriya, suna kwana ƙarƙashin tsofaffin jiragen kamun kifi. Garin Tawarga kuwa, na baƙaƙen Libiya ne su kansu, an kore shi kaf.

A ƙofar ɗaya daga cikin wuraren nan wata a-kori-kura na tsaye, bakin bindigarta na kallon tagogin da 'yan'uwana ke leƙowa. Na matsa na duba gindin bututun. Kowane mai walda ya san ɗinkinsa, yadda yake karkata hannu, inda yake tsayawa ya sake ɗorawa. Nawa ne. Ban ce wa ɗan Alhaji komai ba. Muka koma Zintan, na ce wa Alhaji idona ya lalace, ba na iya kallon wuta. Ya dube ni ya daɗe, ya ce to huta. Ya san ƙarya nake, bai kuma tone ni ba.

An kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Bayan babbar sallah Alhaji ya tattara mini abin da ya iya cirowa daga banki, wanda bai kai rabin ajiyata ba don kuɗi sun yi wuya a ƙasar, ya haɗa ni da wani direba zuwa Sabha. Shingaye suka cinye mafi yawan abin da ya rage. Daga Sabha zuwa Dirku muna kan babbar mota mutum kan kaya, kaya kan mutum, sai da dare ka ga jerin Land Cruiser ba fitila sun wuce mu kudu, bayansu lulluɓe da tamfal. Ba mai tsayar da su. Direbanmu ya ce kada wanda ya nuna su da yatsa. A Agadas hirar gari ita ce ɗan Gaddafi, Sa'adi, da ya shigo Nijar a watan Satumba, da artabun da sojojin Nijar suka yi da wasu masu ɗauke da ababen fashewa kusa da Arlit. Hanya ɗaya muka biyo da kayan, su sun fi mu sauri.

Na iso Katsina da jaka ɗaya. 'Yata ba ta san ni ba, ta ɓuya bayan uwarta. Barci ya ƙaurace mini, in babur ya yi ɓarin wuta a titi sai in tsinci kaina a ƙasa, abu kaɗan in hau faɗa. Maiɗakina ta yi haƙurin da ba zan iya biya ba. An yi mini rubutu, an yi addu'a, daga baya wani likita ya zaunar da ni ya ce abin da na gani ne bai fita daga kaina ba, ya ba ni magani, a hankali na dawo. A majalisa ana ta musu, wasu na tsine wa NATO, wasu ƙalilan na cewa Gaddafi ya ja wa kansa, kowa na jiran in goya masa baya tunda ni na je. Sai in yi shiru. A rediyo kuwa manyan sun riga sun kwashe faɗansu sun koma Siriya, inda Rasha da Sin suka hau kujerar naƙi a Oktoban 2011 suna cewa ba za a sake yi musu irin ta Libiya ba. A Janairun 2012 tawaye ya tashi a arewacin Mali da makaman da suka fito daga can. Sai a 2016 Obama ya ce rashin shirya abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa. Shi iyakar abin da ya biya ke nan.

Na buɗe ɗan shago da taimakon wani aminin Baba, rayuwa ta fara daidaita. Ƙanena mai bi mini shi ya koma ƙauye ya riƙe gonakin gado, duk kaka yana aiko mana da gero da wake. Satar shanu a bakin Rugu tsohon abu ne, faɗan manomi da makiyayi ma mun taso mun tarar, amma da sanda da adda ake yi, a kai gaban mai gari a raba. A hankali sai aka fara jin an kore garke sukutum da rana tsaka, sai ɗaukar mutane, sai kuɗin fansa. Gwamnatin jiha ta yi sulhu da su a 2019, bai riƙe ba. A 2020, shekarar da aka yi kisan Tsauwa da Dankar, aka kuma kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300, na je ƙauye taya shi ɗaure amfanin gona.

Dare ya raba muka ji babura. Sai harbi. Mutane na tambayar juna wannan wace irin ƙara ce, ni kuwa kunnena ya riga ya rarrabe: waɗannan AK ne, waccan mai ja ba tsayawa mai jigida ce. Jikina ya san abin yi kafin hankalina, na kwantar da matar ƙanena da yaran a ƙasa, na ja su ta bayan danga muka shige cikin karan dawa. Shi ya koma don ya kwance shanun huɗa. Da gari ya waye muka same shi a bakin turke. Ni na wanke shi. Ni da na tsallake Grad da shingaye da hamada, shi da bai taɓa wuce Kano ba. Wannan lissafin ya fi komai tsaya mini a wuya, na kuma daɗe kafin in iya cewa Allah ya fi mu sani da zuciya ɗaya. Baba bai shekara ba a bayansa.

Marigayi Shugaba Buhari ya sha faɗa cewa makaman Libiya ne suka watsu suka jawo mana wannan. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Masu binciken da suka duba bindigogin da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna sun samu wasu daga Libiya, wasu daga rumbunan wasu ƙasashen yammacin Afirka, wasu kuma daga hannun jami'an tsaronmu suka fita. Kuma bindiga ba ita ta cinye burtali ba, ba ita ta karɓi cin hanci ta danne mai gaskiya ba. Ta dai zo ta tarar da ɓaraka. Abin da na sani a sana'ata shi ne ƙarfe ba ya ruɓewa da wuri. Bindigar da aka shafa wa mai za ta kai jikan wanda ya fara riƙe ta. Takunkumin 2011 kuwa bai hana komai ba: da yaƙi ya sake tashi a Turabulus a 2019, Turkiyya na kai wa ɓangare ɗaya, Daular Larabawa da Rasha na bayan ɗayan, har wata babbar jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce takunkumin ya zama abin dariya.

Bayan an yi arba'in, Baffa, ƙanen Baba, ya zo shagona da wasu samari biyu na ƙauyenmu. Ya ce sun kafa 'yan sa-kai, suna da zuciya ba su da abin riƙewa. Ya ji labarin abin da na iya a Libiya. Ga bututu, ga kuɗi, in ƙera musu bindigogi. Na ce Baffa ka yi mini rai, ba zan iya ba. Ya ce, "Ka yi wa Larabawa, ka kasa yi wa jininka? Wanda ka wanke da hannunka ba ɗan'uwanka ba ne?" Na ce shi ne. Na ce zan yi wa gari ƙofar ƙarfe, in yi wa kowane gida ƙyaure da sakata, ba zan karɓi ko sisi ba. Ya ce ƙyaure ba ya mai da harbi. Ya ce hukuma ba ta zuwa sai an gama, mata da yara fa, a zuba ido a yanka su?

Ban da amsar da ta fi tasa ƙarfi. Maganarsa ita ce maganar ɗan Alhaji ranar da ya shigo da motar farko, ita ce maganar da Faransa ta yi a rediyo, kuma a Zintan ta kasance gaskiya, don ba don makaman ba da an shiga garin an yi abin da ba ya faɗuwa. Na dai ba shi labarin motar da na gani a ƙofar kurkuku. Na ce wanda zai riƙe ta yau na san shi, wanda zai riƙe ta bayan shekara biyar fa, kuma wa za ta kalla? Akwai rugagen Fulani da muka yi zaman shekaru da su ba su taɓa ɗaukar kazar kowa ba, na kuma ji abin da wasu 'yan sa-kai suka yi wa irinsu a kasuwanni. Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce Libiya ta cinye mini zuciya.

Sun samu wani maƙeri ya yi musu. Ni kuma na je na kafa ƙofar, tana nan. An sake shiga garin bayan haka, an kuma taɓa korar maharan, kowannenmu na iya ɗaukar wanda ya yi masa daɗi ya kafa hujja. Rabin mutanen yanzu suna Batsari da Katsina, gonakinmu sun yi shekaru ba a huɗa su ba. Matar marigayi da 'ya'yansa suna gidana, babban yana shago tare da ni, ya fara iya taga. Baffa ma ya dawo birni. Muna haɗuwa ranar Juma'a, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Bai sake ce mini ina aiki ba.